Gwaggo Mai Taya Uku Ta Kwanta Dama

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannuwan da har yanzu baƙin mai bai gama fita daga faratansu ba, Kofur, tsohon soja mai kai saƙo, a madadin kansa da iyalinsa da ɗaukacin 'yan Ƙungiyar Taya Biyu, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar babur ɗinsa, wanda babba da yaro suka sani da Gwaggo. Ta rasu ranar Laraba da hantsi, a tsakiyar hawan da ya nufi ƙofar majalisa, tana bakin aiki, da fasinja a gefenta. Babur ne, amma ba a taɓa jin wanda ya ce mata "shi" ba, kuma ba yau za a fara ba.

Shekarun marigayiya ba wanda zai rantse a kansu. Takardunta sun faɗi nasu, Bakaniken ƙungiya ya faɗi nasa, ita kuwa ba ta taɓa tanka wa kowa ba. Abin da aka tabbatar shi ne, Kofur ya same ta ne a shekarar da ya tuɓe kaki, a bayan wani gidan burodi, kaji na kwana a kanta. Irin baburan da ce, masu ƙashi da nauyi, waɗanda ba sa shan fetur zalla sai an garwaya musu shi da man inji. Awonta tsohon gwangwanin madara ne da ke rataye a ƙarƙashin kujera: duk cikon tanki, gwangwani guda. Wannan man shi ne lafiyarta, shi ne kuma tushen shuɗin hayaƙin nan da ya sa masu shanya a bakin titi ke rige-rigen kwashe fararen kaya idan suka jiyo ta.

Dattijuwa ce mai ra'ayin kanta. Ba ta taɓa tashi a bugun farko ba, ko da gobara ake yi. Sai ta yi tari tukuna, "kuf, kuf," ta yi shiru kamar mai tunanin ko fitar ta zama dole, sannan ta buɗe murya, "tan-tan-tan-tan," har karnukan layi su amsa. Agogonta da ke nuna zafi ko gudu ba ya aiki, allurarsa ta kwanta tun kafin Kofur ya san ta. Da kunne ake tuƙa ta. Idan tana cikin daɗi muryarta a buɗe take, idan kuwa zafi ya kama ta sai ta sirance, "kin-kin-kin," Kofur ya gangara gefen hanya ya nemi inuwa, su huta tare. Bai taɓa yi mata gardama a kan wannan ba, shi ya sa suka daɗe.

Taya ta uku ta zo mata ne daga baya. Kofur ya sa aka ƙera mata akwatin ƙarfe mai kujera da taya guda, aka walde shi a jikinta ta dama, 'yan ƙungiya suka raɗa masa suna kwale-kwale. An yi muhawara a garejin Bakanike, inda ƙungiya ke taruwa duk Asabar, kan ko mai taya uku tana da hurumin zama a Ƙungiyar Taya Biyu. Aka tashi a kan cewa ba zama kaɗai ba, ita ce ma za ta riƙa jan gaba. Daga ranar ƙungiya ta tsaya a kan ƙa'ida biyu, waɗanda ba a rubuta su ko'ina ba: ba a wuce Gwaggo a hanya, kuma idan ɗaya ya tsaya kowa ya tsaya. Yawancin 'yan ƙungiyar tsofaffin sojoji ne, kuma sun san abin da ake ji idan aka waiwaya aka ga babu na baya.

Alherin marigayiya ba zai ƙirgu ba, kuma ita ba mai son a faɗa ba ce. Ta kai tsofaffin sojoji layin tantancewa, inda ake so mutum ya zo da kansa ya tabbatar wa ofis cewa bai mutu ba, ta jira su a rana ta mayar da su gida. Ta kai magani gidajen matan da mazajensu suka tafi fagen daga ba su dawo ba. Ta ɗauko masu ba da jini daga wurin aikinsu zuwa asibiti. Ta ɗauki katifa, ta ɗauki ƙyauren ɗaki, ta ɗauki buhunan hatsi na rabon da ƙungiya ke yi wa marayu, har sau ɗaya ta ɗauki wata mai naƙuda wadda ta zage ta tun daga ƙofar gida har ƙofar ɗakin haihuwa, daga baya ta aiko da godiya. Ba ta taɓa mayar da kowa ba don nauyinsa.

Amma babban aikinta, wanda saboda shi aka ƙera kwale-kwalen tun farko, shi ne Saje.

Saje shi ne shugaban su Kofur a soja. A wata tafiya aka kai wa motarsu hari, ta kama da wuta, ƙofofi suka ƙi buɗewa. An ciro shi, amma ƙafafunsa biyu ba su biyo shi ba. Tun daga ranar Saje bai sake shiga wani abu mai rufi da ƙofa da taya ba. Ba taurin kai ba ne, ko da yake yana da shi isasshe. Jikinsa ne ke ƙi. Da an matso da shi kusa da mota sai gumi ya karyo masa, numfashi ya sarƙe, ya riƙa kiran sunayen mutanen da suka daɗe a ƙasa. Babur mai taya biyu ba zai hau ba, don babu abin da zai maƙale shi da shi. Keken guragu kuwa ya ce a tsakar gida ya yarda, amma ba za a tura shi a titi mutane suna lalubar aljihu idan sun gan shi ba. Da ƙodarsa ta gaza, likitoci suka ce sai an riƙa yi masa wankin ƙoda duk Litinin da Alhamis, 'yarsa Malama, wadda ke kula da shi, ta rasa yadda za ta yi. Sai ga Gwaggo da kwale-kwalenta, babu rufi, babu ƙofa, sama a buɗe.

A kwale-kwale Saje ba mara lafiya ba ne, fasinja ne. Yakan sa hular kwano, ya miƙe ƙirji, ya riƙa ba Kofur umarnin hanyar da Kofur ya fi shi sani. Tun daga kwanar layi yake jiyo "tan-tan-tan," ya ce wa Malama ta buɗe ƙofa. Masu gadin asibiti sukan sara masa, shi kuma ya amsa musu da yatsa biyu kamar mai duba fareti. Kofur ba ya faɗa a gaban mutane, amma ya sani: ba injin asibiti kaɗai ke riƙe da ran Saje ba, har da wannan fitar.

Ciwon ajalin marigayiya bai fara daga jikinta ba, daga takarda ya fara. An gabatar da ƙudurin doka a majalisa na hana baburan da ake garwaya wa mai shiga titunan cikin gari, saboda hayaƙi da ƙara. Kofur bai taɓa cewa hayaƙi turare ne ba, yana da jika mai ciwon asma, ya san tarin yaro. Abin da ƙungiya ta roƙa kaɗan ne: a saka layi guda da zai ɗaga wa baburan da ke ɗaukar marasa lafiya da naƙasassu ƙafa, har a samar musu madadi. Sun rubuta, sun bi ofis-ofis, sun zauna a benci har an san fuskokinsu. A ƙarshe kwamitin majalisa ya ce su zo ranar jin ra'ayin jama'a, su kawo babur ɗin a gan shi a haraba, su kawo wanda yake ɗauka a ji daga bakinsa. Saje da kansa ya ce zai je. Ya sa Malama ta goge masa lambobinsa na yabo.

Ranar Asabar ɗin da ta gabaci zaman, aka taru a gareji aka zagaye Gwaggo ana kallo, kallon da iyaye ke yi wa ɗan da za a kai gaban baƙi.

"Idan ta shiga harabar nan ta turnuƙe su da hayaƙi, mun kashe maganarmu da hannunmu," in ji Shugaban ƙungiya.

"A rage mata mai," in ji Bakanike. "Na yini ɗaya ne, ta ga abin da ya fi wannan."

Babu wanda bai san inji ba a cikinsu, kuma babu wanda ya ce a'a. So suke a ga tsohuwarsu fes, kada a raina ta. Aka wanke ta, aka goge ta, aka cusa mata soson ƙarfe a salansa, mafitar hayaƙinta, don muryarta ta yi ladabi. Ranar Laraba da safe aka cika tanki, aka zuba mata abin da bai kai rabin gwangwani ba. Garin neman gira aka rasa ido, amma a lokacin kowa murna yake, don ta tashi babu ko ɗigon shuɗi a bayanta, tana 'yar raɗa, "fuf-fuf-fuf," kamar ba ita ba.

A wannan ranar Saje bai ce a buɗe ƙofa ba, sai da Kofur ya ƙwanƙwasa. Da aka ɗauko shi aka zaunar a kwale-kwale, lambobi na ƙyalli a ƙirjinsa, ya karkata kunne ya saurara.

"Kai Kofur, wa ya shaƙe ta?"

"Kwalliya ce, Yallaɓai, ta yau kaɗai."

Aka ɗauki hanya, Gwaggo a gaba, jerin babura a baya har ƙarshen layi.

Ta ratsa kasuwa lafiya, ta haye gada lafiya. A hawan majalisa ne, mai tsawo, wanda ko sabon babur sai ya sauya giya, zafi ya kama ta. Babu shakka ta faɗa. Kofur ya tabbata ta yi ta kiran "kin-kin-kin" ɗinta tun daga gindin hawan, tana roƙon inuwa kamar yadda ta saba, amma an toshe mata baki, kuma kunnen da ya yi shekaru yana jin ta bai ji komai ba. Zafi kawai ya ji a ƙwaurinsa, da ƙaurin ƙarfe. Sai ta yi wata ƙara siririya, "ƙiii," sannan "kaf." Tayar baya ta ja ƙasa, ta tsaya. Wannan ita ce maganarta ta ƙarshe.

Kowa ya tsaya. Babura suka jeru a bayanta aka kashe inji, ɗaya bayan ɗaya, har hawan ya yi tsit. Ginin majalisa ga shi can ana hango tutarsa. Da Shugaba ya murɗa hannu ya wuce, da nan da nan ya isa ya roƙi kwamiti su ɗan dakata. Bai zo wa kowa a rai ba. An ce sabo turken wawa, to ranar an ga dattawa masu furfura a ɗaure a turke guda: ba a wuce Gwaggo. Aka durƙusa a kanta, aka cire fulogi aka hura aka mayar, aka yi ta bugu, sandar bugun ta ƙi ko motsi. Sai da rana ta take tsaka suka haƙura, suka jingine baburansu a gefen titi, suka sa hannu suka tura ta har sama, Saje na zaune a ciki, idonsa a gaba.

"An tashi, Baba," in ji mai gadin ƙofa. "An yi ta kiran ƙungiyarku har aka gaji. An rubuta ba ku zo ba."

Bakanike ya buɗe injin a gareji da yamma, ya leƙa, ya cire hularsa. Fistin ya narke ya manne da gidansa, ciki duk ya ƙone. Kayan gyaran irinta an daina yin su tun tuni, an aika tambaya wurin masu tsofaffin kaya na kusa da na nesa, har yanzu shiru. Kwale-kwalen kuma ba zai koma jikin wani babur ba, don na zamani ƙarfensu ba zai ɗauke shi ba, lanƙwashewa zai yi. Ko da an samu injin ma, ƙudurin na nan yana jiran ƙuri'ar ƙarshe, babu layin da aka roƙa a cikinsa. Aka lulluɓe ta da tamfol. Kafin wayewar gari mai sayen tsofaffin ƙarafa ya zo gaisuwa, yana magana da Kofur idonsa na kan tamfol.

Ranar Alhamis Saje bai je asibiti ba. Malama ta aro motar maƙwabci, ta sauke gilasai duka, ta roƙe shi da girman Allah. Ya gwada, a faɗi gaskiya, ya bari aka kai shi har bakin ƙofar motar, sai jikinsa ya ɗauki rawa, aka mayar da shi ɗaki. Zuwa Asabar fuskarsa ta kumbura, zoben hannunsa ya nutse a yatsa, ba ya iya kwanciya sai a jingine. Asibiti suka aiko cewa idan ya sake tsallake Litinin, kada a ce ba su faɗa ba. Malama ta zo gareji ta tsaya a kan Kofur, ba ta zage shi ba, da ma zagin ta yi. Cewa kawai ta yi, "Kawu, ni ban san abin da zan gaya masa ba."

Kofur ya tafi da kansa, a ƙafa. Bai taɓa jin tsoron shiga wani ɗaki kamar wannan ba, har da ɗakunan da ya shiga da bindiga. Ya ƙame a bakin ƙofa.

"Yallaɓai, Gwaggo ta rasu."

Saje ya daɗe yana jan numfashi kafin ya samu na magana. "Tayoyin sun fashe?"

"Suna nan, Yallaɓai."

"Birki fa?"

"Yana kamawa."

"Kwale-kwalen ya ɓalle?"

"Ko motsi bai yi ba."

"To kai Kofur, wa ya koya maka sanin gawa? Ni da kake gani, an binne rabina tun kana da baƙin gashi. Kun fasa zuwa ɗaukar sauran?" Ya huta. "Ranar Laraba da me muka ƙarasa hawan nan?"

"Da hannu, Yallaɓai."

"To me kake tsaye kana yi mini?"

Marigayiya ta rasu ta bar Kofur, wanda har yanzu yake fitowa da safe da makulli a hannu, ya tsaya a tsakar gida ya rasa abin da ya fito yi. Ta bar matarsa, wadda ta yi shekaru tana mitar tabon mai a bakin ƙofa, yanzu kuma ta hana a wanke shi. Ta bar gwangwanin madara guda, da hular kwano biyu, da ƙanne masu taya biyu cike da gareji, duk sun fi ta gudu, babu mai iya aikinta. Ta bar tsofaffin sojoji da zawarawa da ba su ji labari ba tukuna, suna nan suna kasa kunne. Ta bar Saje.

Game da jana'iza, iyalai da ƙungiya suna sanar da cewa ba za a binne ta ba, kuma mai sayen ƙarafa ya daina wahalar da kansa da zuwa gaisuwa. Za a fito da gawa daga garejin Bakanike ranar Litinin da sassafe, kafin rana ta yi zafi. An cire mata soson da aka cusa mata, ko da yake ba abin da zai ƙara mata yanzu. Za a tura ta da hannu zuwa ƙofar gidan Saje, a ɗauke shi, a bi ta kasuwa, a haye gada. Akwai gajeriyar hanya zuwa asibiti, amma Saje ya ba da umarnin a bi ta hawan majalisa, a wuce ta gaban ƙofa a hankali. Masu ƙuri'a da suka ce a kawo ta su gani, su leƙo ta taga. Za su same ta yadda suke so, babu hayaƙi, babu ƙara.

Za a maimaita jana'izar ranar Alhamis, da Litinin ta gaba, da Alhamis ɗin da ke bin ta, har ranar da aka samu inji da doka ta yarda da shi, ko ranar da Saje ya daina buƙatar a kai shi. Kofur ba ya son tunanin wacce za ta riga zuwa. Ba zai ɓoye ba, yana cikin damuwa. Masu turin nan ƙaraminsu ya aurar da 'ya'ya, Shugaba na da hawan jini, gwiwar Kofur tun ta Laraba ba ta saki ba, hanya kuma da nisa. Bai san Litinin nawa ta rage a jikinsu ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, balle hannuwan da suka fara rawa.

Saboda haka ba a karɓar ta'aziyya a gida, kuma ba a shimfiɗa tabarmar zaman makoki ba. Duk wanda marigayiya ta taɓa kai wa magani, ko ta jira shi a rana, ko ta ɗauki uwarsa ranar da za a haife shi, ya same ta a hanya. Ba sai ya iya babur ba. Ya tsaya a bayanta, don har yanzu ba a wuce ta, ya zo da ruwan shansa da takalmin da ba ya zamewa. Gawar tana da nauyi, kuma akwai mai rai a cikinta.